Shawara ga Iyalan da ke Neman Tallafin Kuɗi na Gwamnati

Masu cin gajiyar tallafin naira 25,000 a wata na tsawon wata uku, wanda gwamnatin Nijeriya ta sanar a 2023, ana zaɓo su ne daga rajistar marasa galihu ta ƙasa, wato jerin gidajen da jama'ar unguwa ko ƙauye suka tantance da kansu a matsayin mafiya talauci. Saboda haka ya kamata magidanci ya halarci taron tantancewa, ya kuma tabbatar sunan da ke kan lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ya dace da na asusun bankinsa, domin saɓanin suna kan tsayar da biya. Shiga rajistar kyauta ne, wanda kuwa ya nemi na goro kafin ya rubuta suna, damfara yake yi.