Jagorancin Mata da Giɓin Ladan Aiki a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Sashe na 17(3)(e) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi biyan lada iri ɗaya a kan aiki iri ɗaya, ba tare da la'akari da jinsi ba. Sai dai tanadin yana cikin Babi na Biyu, wanda kotu ba ta da hurumin tilasta aiwatar da shi. Saboda haka wannan maƙala ta dubi inda ake yanke ladan a zahiri, wato bakin gona da kujerun shugabanci.

2.0 Rabon Aiki da Ladansa

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mayar da Kura da Bunkure cibiyar noman shinkafa da alkama da tumatir. A wannan tsari maza ke riƙe da akasarin filaye da ban ruwa da cinikin buhu, mata kuwa sun fi yawa a sheƙa da kala da turara shinkafa. Sau da yawa da kwano ake biyan mai sheƙa, alhali ɗan ƙodago da kuɗi ake sallamarsa. Wannan bambancin ma'auni yana ɓoye giɓin, domin ba a ɗora ayyukan biyu a sikeli ɗaya ba.

3.0 Aƙida da Shugabanci

Fahimtar cewa ciyar da gida nauyin miji ne tana sa a ɗauki abin da mace ta samu a matsayin ƙari kawai, ko da bazawara ce mai riƙon marayu. Amma wannan fahimta ba ta hana mata magana ba. A 1978 Sam Jackson ta wallafa nazari a mujallar Review of African Political Economy kan yajin aikin da matan Hausawa 'yan ƙodago suka yi a wannan yanki don neman ƙarin lada. Darasin shi ne, lada yakan motsa idan mata suka haɗa baki a kan farashi.

4.0 Kammalawa

Kujerar “shugabar mata” da jam'iyyu da ƙungiyoyin manoma ke warewa ba za ta rage giɓin ba muddin aikinta tara jama'a ne ranar taro. Abin da ya kamata nazari ya auna shi ne yawan matan da ke zama inda ake raba ruwa da bashi da yanke ladan aiki.