Darasi: Zafin bazara da shanyar kauɗa

Yara, kun san kauɗa. Tumatir ne da aka yanka, aka shanya a rana har ya bushe. Da ita iyayenmu mata ke yin miya da damina, lokacin da ɗanyen tumatir ya yi wuya a kasuwa. Masu garka na jihar Tawa da na duwatsun Abzin suna yin ta da yawa, su ɗura a buhu, a kai birane.

Tumatir kusan duka ruwa ne. Cikin kilo 100, sama da kilo 90 ruwa ne. Aikin shanya shi ne fitar da wannan ruwa. Wani zai ce: ashe in rana ta ƙara zafi, kauɗa za ta ƙara kyau. To, ba haka ba ne.

A watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai, a inuwa ma. A Afirilun 2024, ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Dutse da kwano da rairayi kuwa sun fi iska zafi nesa ba kusa ba. In aka baza yankan tumatir mai kauri a kansu, bayansa ne ke saurin ƙeƙashewa. Sai ya yi ɓawo, ɓawon ya rufe wa ruwan ciki hanyar fita. Kun taɓa ganin masar da aka toya da wuta mai yawa? Waje ya ƙone, ciki da sauran ƙullu. Haka wannan kauɗa take. Mai ita ya taɓa, ya ji ta bushe, ya ɗaure buhu. Bayan ƴan makonni ya kwance, ya tarar da fumfuna. Wadda ta tsira ma ta yi baƙi, bitamin ɗinta ya ragu, kuma a kasuwa ja ake nema. Wahalar ban ruwa ta wata uku ta tafi a banza.

Tun a garka zafi ke fara ɓarna. In ya wuce digiri 35, furen tumatir yakan kaɗe bai yi ɗa ba. Shi ya sa ake noman tumatir da ɗari, a shanya shi tun iskar hunturu ba ta ɗauke ba. Busasshiyar iska ita ce babbar mai shanya, ko da yake tana zuwa da ƙura.

Mangwaro fa? Shi a tsakiyar bazara yake nuna, ba ya jiran kowa. Sai a yi masa dabara. A yanka shi siri-siri. A jera a kan gadon itace, iska ta bi ta sama da ƙasa. A rufe da tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda. A riƙa juyawa. In rana ta take, a yi masa rumfa har la'asar. A Burkina Faso, wajen Bobo-Julaso, da yawa suna busar da shi cikin tanda mai aiki da gas, don damina na riskar su da mangwaro a hannu.

Tambayoyi
1. Me ya sa kauɗa ke yin fumfuna bayan bayanta ya bushe?
2. Wane lokaci ya fi dacewa da shanyar tumatir? Don me?

Aiki
Ku yanka tumatir biyu, ɗaya da kauri, ɗaya siri-siri. Ku shanya su wuri guda. Bayan kwana 3, ku tsaga kowane, ku faɗa wa malam abin da kuka gani.