Yadda Ake Cin Moriyar Yada Zango a Filin Jirgin Saman Maldib

Filin jirgin saman Velana, babbar ƙofar shiga ƙasar Maldib da ke Tekun Indiya, yana kan wani ɗan tsibiri mai suna Hulhule. Babban birnin ƙasar, Male, yana kan wani tsibirin daban, tafiyar kamar minti goma a kwalekwale mai inji. Kusancin nan ne ya sa matafiyin da ya yada zango yana jiran jirgi na gaba zai iya ganin gari ya dawo, maimakon ya wuni a kan kujera yana kallon agogo.

Abin da ake fara yi shi ne lissafin lokaci. Daga sa'o'in zangon ana cire kamar awa ɗaya ta sauka da layin jami'an shige da fice, a cire awa uku na dawowa kafin tashin jirgi, sannan a ware awa ɗaya ta zuwa da komowa. Abin da ya rage shi ne na yawo. Zangon da bai kai awa shida ba, zama a filin ya fi. Agogon Maldib yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu, don haka ana gyara agogo tun kafin a fito daga jirgi.

Sai takardu. Maldib tana ba masu yawon buɗe ido biza ta kwana 30 kyauta a wurin sauka, amma ana buƙatar cike fom ɗin IMUGA ta intanet cikin awa 96 kafin isowa, a kuma nuna tikitin ci gaba da tafiya. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Najeriya, ya riƙe katin rigakafinsa a hannu. Kwastam ba sa barin a shigo da giya, naman alade ko gumaka. Idan kamfanin jirgi ya riga ya wuce da manyan akwatuna zuwa zango na ƙarshe, an huta. Idan kuwa bai wuce da su ba, akwai wurin ajiyar kaya a filin, ana biya a karɓi rasit. Kuɗin ƙasar rufiya ne, kuma ko da yake ana karɓar dala a wurare da yawa, canza kaɗan yana da amfani saboda kuɗin kwalekwale da shayi.

Hanyoyin shiga gari biyu ne. Gadar Sinamale, wadda aka buɗe a 2018 da tallafin Sin, ta haɗa filin da birnin, tasi da bas suna bi ta kanta. Kwalekwale kuwa ya fi araha, ya fi daɗin kallo, yana kuma sauke mutum a gefen arewa maso gabas, kusa da wuraren tarihi. Faɗin tsibirin Male kusan murabba'in kilomita biyu ne kawai, ƙafa ta isa a zaga shi. Abin lura shi ne babura, waɗanda suka cika lunguna, kuma a hannun hagu ake tuƙi.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi lokaci shi ne tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, wanda Sarki Ibrahim Iskandar ya gina a shekarun 1650. Da dutsen murjani da aka haƙo daga teku aka yi bangonsa, aka sassaƙa shi da zane mai laushi, aka harhaɗa duwatsun suna cizon juna. Hasumiyarsa gajeriya ce mai kauri. A harabarsa akwai kaburburan sarakuna da manyan gari: dutsen da kansa ke da tsini na namiji ne, mai zagayayyen kai na mace. A tsallaken titi akwai hubbaren Abul Barakat Yusuf al-Barbari, malamin da ake danganta musuluntar tsibiran da shi a 1153. Ibn Batuta ma ya zauna a Male a shekarun 1340 har ya yi alƙalanci. Kaɗan daga nan sai babban masallaci mai ƙubbar zinariya da aka buɗe a 1984, wanda ke ɗaukar masallata kusan 5,000, da gidan tarihi na ƙasa a lambun Sultan. Waɗannan duka awa ɗaya da rabi ta ishe su.

Bahaushe yana da dalili na musamman na tsayawa a nan. Kuɗin wuri da aka yi ta ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa kafin zuwan sulalla, da yawansa daga gaɓar waɗannan tsibirai aka tsinto shi, ya ratso teku da hamada ko ya biyo jiragen Turawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma.

Bayan tarihi sai ciki. Kasuwar kifi tana bakin ruwa ta arewa, kuma da la'asar take cika, lokacin da masunta ke sauke manyan kifayen tuna da suka kama da sanda da ƙugiya. A shagunan shayi na gari ana samun *mas huni*, wato dakakken kifi da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da gurasar da suke kira *roshi*, ga kuma 'yan soye-soye masu cikin kifi. Ƙasar ta Musulmi ce, babu fargabar abin da aka ci. Shaguna kan rufe na ɗan lokaci idan an kira salla, ranar Juma'a kuwa gari ba ya buɗewa sosai sai bayan an sauko.

Mai son ruwa ya nufi Hulhumale, tsibirin da aka cike teku aka gina, wanda titi ya haɗa shi da filin jirgin. Akwai farin yashi da ruwa garai-garai, da ƙananan masaukai ga wanda zangonsa ya haɗa da kwana. Ana wanka cikin sutura mai rufe jiki. Otal-otal masu ɗakuna a kan ruwa da ake gani a hotuna ba na mai 'yan sa'o'i ba ne: suna da nisa da tsada, kuma ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi.

Daga Mayu zuwa Oktoba lokacin damina ne, hadari kan taso ba zato ya jinkirta kwalekwale. A irin wannan yanayi ana komawa ta gada. A shagunan tsaraba ana guje wa kayan da aka yi da ƙoƙon kunkuru ko baƙin murjani, domin dokar ƙasar ta hana fita da su. Idan an iso fili sai a karɓi kayan ajiya, a canza sauran rufiya tunda da wuya a same ta da amfani a wata ƙasa, sannan a shiga layin tantancewa.