INA YA KAMATA A LIƘA MA'AUNIN SUKARI A JIKI?

Gabatarwa

Shekara da shekaru mai ciwon sukari ba shi da hanyar sanin yawan sukarin da ke jininsa sai ya soki ɗan yatsa, ya ɗiga jini a kan tsinken awo. A shekarar 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'ura ta farko mai auna sukari dare da rana ba tsayawa, a 2014 kuma aka fara sayar da FreeStyle Libre a ƙasashen Turai. Yanzu irin waɗannan na'urori sun iso ƙasar nan. Suna da tsada, kowane ma'auni kuma sau ɗaya ake liƙa shi. Idan ya ɓalle, an yi hasararsa ke nan. Abin da ya fi hasarar kuɗi muni shi ne, ma'aunin da aka sa a wurin da bai dace ba yana iya ba da lissafin ƙarya, mutum kuwa ya ci abinci ko ya yi allura bisa wannan lissafi. Saboda haka wannan darasi zai bayyana yadda ake zaɓen wuri.

Yadda Ma'aunin Yake Aiki

Ma'aunin ɗan faifai ne mai kama da kwabo, a ƙarƙashinsa da gam. A tsakiyarsa akwai wani ɗan zare siriri mai laushi wanda ke shiga ƙarƙashin fata. Na FreeStyle Libre tsawonsa kamar milimita 5 ne. Wannan zare ba cikin jijiyar jini yake shiga ba. Yana kwance ne cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, yana auna sukarin da ke cikin ruwan da ya kewaye ƙwayoyin jiki, sa'an nan ya aika da lissafin zuwa wayar hannu ko wata 'yar na'urar karantawa, wani kowane minti ɗaya, wani kowane minti 5.

Sukari yana fara shiga jini ne kafin ya tsatso cikin wannan ruwa, don haka lissafin ma'auni yakan makara da kamar minti 5 zuwa 15, musamman bayan cin abinci ko aikin ƙarfi. Daga nan za a gane sharuɗɗa uku na wuri mai kyau: ya zama yana da isasshen kitse, fatar wurin lafiyayya ce jini na gudana sosai, kuma ba abin da zai riƙa danne shi ko gogarsa.

Wuraren Da Aka Amince Da Su

Kowane kamfani ya gwada ma'auninsa ne a wasu wurare na jiki, a nan kaɗai kuma ya ɗauki alhakin ingancin lissafinsa. Wuraren su ne:

1. Bayan damtse, watau bayan hannu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, inda nama ke da taushi. Nan ne wurin FreeStyle Libre, wanda ake ɗauke da shi kwana 14, wasu sababbin samfuransa kwana 15. Nan ne kuma babban wurin Dexcom G7.

2. Ciki. Nan ne aka saba sa Dexcom G6, mai yin kwana 10. A wasu ƙasashe an amince a sa G7 ma a ciki. Sai a nisanci cibiya da kamar santimita 5.

3. Saman mazaunai, ƙasa da ƙugu kaɗan. Wannan wuri na yara ne, gama damtsen ƙaramin yaro bai cika kitse ba, hannunsa kuma ba ya saurin kaiwa can ya ɓamɓare. An amince da shi ga mai shekara 2 zuwa 6 idan G7 ne.

Akwai kuma wani iri, Eversense, wanda likita ne ke tsaga fatar damtse ya dasa shi ciki. Samfurin da aka amince da shi a Amurka a 2024 yana yin shekara guda.

Wasu mutane sukan liƙa ma'auni a cinya ko ƙirji don sun ga wani ya yi. Kada a yi koyi da su. Takardar da ke cikin kwalin ma'auni ita ce alƙali, sai fa idan likita ya ba da wani umurni.

Haɗarin Kwanciya A Kan Ma'auni

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa masu sabon farawa. Idan mutum ya kwanta a kan ma'auni, nauyin jikinsa yakan matse wurin, gudanar jini ta ragu, sai ma'aunin ya nuna sukari ya faɗi ƙasa da 70, alhali kuwa a jini lafiya lau yake. Na'ura ta yi ƙara cikin dare, mutum ya farka a firgice ya sha lemon kwalba ko ya tauna sukari, da safe ya tarar sukarinsa ya hau ƙwarai. Idan abin ya yawaita kuma, sai ya daina kula da ƙarar, ranar da sukarin ya faɗi da gaske ya ci gaba da barcinsa. Wannan kuwa yana iya kai mutum ga suma, har ma ga rasa rai.

Maganin abin mai sauƙi ne. Mai kwanciya a gefen dama, kamar yadda jama'a da yawa suka saba, ya sa ma'auni a hannun hagu. Mai kwanciya rub da ciki kada ya zaɓi ciki. Idan lissafi ya faɗi farat ɗaya cikin dare ba tare da rawar jiki, gumi ko yunwa ba, sai a juya kwanciya, a soki yatsa a tabbatar. Amma idan alamun sun bayyana, a sha abu mai zaƙi nan da nan, kada a tsaya jira.

Duba Sana'a Da Sutura

Wurin da ya yi wa malamin ofis daidai ba lalle ne ya yi wa manomi ba. Manomin da ke sunkuye da fartanya wuni guda, cikinsa yana naɗewa yana gumi, damtse ya fi masa. Direba ya lura da inda bel ɗin kujera ke bi. Mai sa ma'auni a ciki ya guji layin mazagin wando da ɗaurin zane. Mace mai goyo ta tuna cewa hannun yaro yana kaiwa bayan damtsenta, majanyi kuma yana gogar gefen jiki. Sai ta daidaita wurin yadda ba za su taɓa shi ba. A sa shi can baya, ba a gefen hannu ba, domin na gefe shi ne bakin ƙofa da matsatsin hannun riga ke fizgewa. Alwala kuwa iyakarta gwiwar hannu, bayan damtse yana sama da nan.

Wuraren Da Za A Guje Wa

1. Kan ƙashi ko tsoka mai tauri, inda babu kitse.

2. Tabo, tsaga, wurin ƙaho, lambar rigakafi, ƙuraje ko ƙuna.

3. Kumburin kitse mai tauri da yawan yin allurar insulin a wuri ɗaya ke haifarwa.

4. Kusa da inda ake yin allurar insulin. Kamfanin Abbott, mai yin Libre, ya ce a bar tazarar santimita 2 da rabi aƙalla. Dexcom ya ce kamar santimita 8.

5. Wurin da aka cire tsohon ma'auni yanzu. A riƙa sauyawa, wannan karo dama, na gaba hagu, ko a gusa daga tsohon gurbi, don fata ta huta.

Shirya Fata

Zafi da gumi su ne abokan gaban gam. A wanke wurin da sabulu maras mai, a goge da audugar sifirit, a bari ya bushe sarai kafin a liƙa. Kada a shafa basilin, man kaɗanya ko wani mai a wurin, ko da lokacin hunturu ne. Idan akwai gashi, a rage shi tukuna. Da maraice, bayan wanka, sa'ad da jiki ya huce, shi ne lokacin da gam ya fi kamawa. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ko yana fid da ruwa, a cire ma'aunin a nuna wa likita.

Kammalawa

Ma'auni ba ya hana a ajiye tsohuwar na'urar sokan yatsa a gida. Duk lokacin da lissafi ya saɓa wa abin da jiki ke ji, yatsa ne zai raba gardama. Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa ɗan'uwansa mai ciwon sukari da bai iya karatu ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa lissafin ma'auni yake makara a bayan na jini?

2. Wane hannu ya dace da mai kwanciya a gefen dama, kuma don me?

3. A kawo wurare huɗu da bai kamata a liƙa ma'auni ba.