Ƙarfin Aikin Masarrafi Mai Ƙarancin Shan Wuta a Kwamfuta Tafi-da-gidanka: Nazari Daga Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa da ya kai aji huɗu ya san wata rana zai rataya jaka ya nufi ƙauye domin tattara bayanan kundinsa na neman digiri. A da, guzurinsa bai wuce takarda da biro da rikoda mai kaset ba. A yau kuwa kwamfuta tafi-da-gidanka ta shiga cikin jakar, kuma sau da yawa da kuɗin gero ko na rago iyaye kan saye ta. Saboda haka kuskure wajen zaɓenta ba ƙaramar hasara ba ce.

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce a duba ƙarfin aikin masarrafin da akan sa cikin kwamfutoci sirara marasa nauyi, a auna shi da halin da ɗalibi kan sami kansa a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Abubuwa uku ne ke mulki a wannan yanki game da na'ura, wato ƙarancin wutar lantarki, da zafin bazara, da ƙura. Za mu ga cewa a irin wannan wuri, yawan aikin da masarrafi zai yi da caji guda ya fi saurinsa muhimmanci.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Abin da 'yan kasuwa ke kira furosesa, a nan mun kira shi masarrafi, daga aikatau "sarrafa", a bisa tsarin ma-aikatau-i, kamar yadda aka sami marubuci daga "rubuta". Ɗan guntun abu ne wanda faɗinsa bai fi na kan sarki ba, amma shi ke yin duk lissafin da kwamfuta ke bukata. A cikinsa akwai sassa masu aiki kowane da kansa, waɗanda muka kira ƙwayoyi. Wani masarrafi yana da biyu, wani huɗu, wani takwas. Saurinsa ana auna shi da gigahaz, wato bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Shan wutarsa kuwa da wat ake auna shi, cikin batir kuma da wat-awa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 2007 aka gwada wata 'yar kwamfutar yara mai suna XO a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa wanda Nicholas Negroponte na Amurka ya jagoranta. Masarrafinta, Geode na kamfanin AMD, saurinsa bai kai rabin gigahaz ba, domin an ƙera ta ne saboda wuraren da wuta ta yi ƙaranci. A 2008 kamfanin Intel ya fito da masarrafin Atom, kamfanin Apple kuma ya fito da MacBook Air. A 2011 Intel ya shelanta rukunin kwamfutoci sirara da ya kira Ultrabook. A waccan shekarar ce kuma kamfanin ARM na Ingila ya gabatar da dabarar haɗa manyan ƙwayoyi da ƙanana a masarrafi guda, manya don aiki mai nauyi, ƙanana don aikin yau da kullum. A watan Nuwamba na 2020 Apple ya fito da M1 mai ƙwaya takwas, huɗu manya huɗu ƙanana, ya sa shi cikin MacBook Air wadda ko fanka ba ta da ita. Intel ya bi wannan hanya ta haɗa ƙwayoyi iri biyu a zubinsa na goma sha biyu, daga ƙarshen 2021.

4.0 Yadda Ake Rage Shan Wuta

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe. Wutar da masarrafi ke sha tana ƙaruwa daidai da saurinsa, amma game da ƙarfin lantarkin da ake ba shi, sau biyu lissafin ke hawa. Alal misali, idan aka rage sauri da kashi ɗaya cikin biyar, aka kuma rage ƙarfin lantarki da kashi ɗaya cikin biyar, shan wuta zai sauka zuwa kusan rabi, alhali saurin da aka rasa bai wuce ɗaya cikin biyar ba. Wannan ita ce ribar da masu ƙera kwamfutoci sirara ke nema.

Daga nan aka sami rukuni-rukuni. A masarrafan Intel da suka cika kasuwar kwamfutoci 'yan kwatano, harafin ƙarshen lamba shi ke nuna rukunin. Mai harafin H an tsara shi a kan wat 45, mai harafin U a kan wat 15, mai harafin Y kuwa bai kai wat 10 ba. Akwai kuma masu harafin N a farkon lamba, irin su Celeron N4020 da N100, waɗanda aka tsara a kan wat 6. Sai dai a lura, wannan adadi ma'aunin zafin da ake so kwamfutar ta iya fitarwa ne. Ainihin abin da masarrafi ke sha yana hawa yana sauka gwargwadon aikin da aka ɗora masa.

5.0 Sukuwa da Doguwar Tafiya

Masarrafi mai ƙarancin shan wuta yana da gudu iri biyu. Mu ɗauki Core i5-8250U na shekarar 2017, mai ƙwaya huɗu. Gudunsa na asali gigahaz 1.6 ne, amma yakan zabura har 3.4. Wannan zabura kamar sukuwar doki ce, ba ta daɗewa. Idan aikin gajere ne, kamar buɗe takarda ko neman kalma a ƙamus, kafin zafi ya taru an gama, mai aiki kuma ba zai ga bambanci tsakaninsa da mai wat 45 ba. Idan kuwa aikin dogo ne, kamar haɗa hoton bidiyon bikin kamun kifi ko na kokawa, sai zafi ya taru a cikin siririn jikin da ba shi da wurin babbar fanka. Da zarar ya doshi digiri 100, ko ya cika iyakar wutar da aka yanka masa, sai masarrafi ya sassauta gudu don kare kansa. A nan ne mai wat 45 kan yi masa fintinkau.

Tambaya a nan ita ce, wane irin aiki ɗalibin Hausa ke yi? Rubutu ne da baƙaƙe masu ƙugiya, da sauraren murya ana mai da ita rubutu, da karanta littattafan da aka ɗauka a hoto, da auna karin sauti da manhajar Praat wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam. Duk waɗannan ba su fi ƙarfin masarrafi mai wat 15 ba. Mai wat 6 ma yana iya yinsu, sai dai yakan yi nawa idan aka buɗe abubuwa da yawa a lokaci guda.

6.0 Halin Anka da Gummi da Bukkuyum

6.1 Wuta

A cikin garuruwan nan uku wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ƙauyuka da yawa kuwa ko turke bai kai su ba. Jama'a sun dogara ga janareta da farantin sola da shagunan caji, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma kuɗin tayar da janareta ya ninka. To, sai mu yi lissafi. Batir mai wat-awa 50, idan kwamfuta gaba ɗaya tana shan wat 5 lokacin rubutu, zai yi awa 10. Idan tana shan wat 25, awa 2 kacal zai yi. Haka nan kuma siririyar kwamfuta mai karɓar caji ta kafar USB-C tana iya sha daga babban fawa-banki. Wanda aka rubuta wa 20,000 mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 74, ko da yake wani abu kan salwanta wajen juyawa, kuma dole ya kasance irin mai iya fitar da wutar da kwamfuta ke nema.

6.2 Zafi da Ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, alhali kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35. Ke nan masarrafi zai fi saurin sassautawa a Bukkuyum cikin bazara fiye da yadda aka auna shi a ɗaki mai sanyi a Turai. Na ga wannan da idona lokacin da na je tattara tatsuniyoyi a ƙasar Gummi da wata tsohuwar kwamfuta mai kauri da na ara. Da azahar fankarta sai ƙugi, batirin kuma ya mutu ina tsakiyar rubuta abin da wata gyatuma ta faɗa mini, ban ko adana ba. Sai da na jira kwana biyu na koma, na tarar ta tafi biki.

Daɗin daɗawa, lokacin hunturu fanka tana zuƙo ƙura ta toshe kafofin iska, zafi ya ƙaru. Kwamfutar da ba ta da fanka ta tsira daga wannan, amma ita da jikinta take fitar da zafi, don haka ɗora ta a kan katifa ko cikin rana zai rage mata gudu. Zafi kuma yana gaggauta tsufan batir.

6.3 Intanet

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni da dama a haka. Wannan ya isa darasi. Wasu kwamfutoci sirara masu araha, irin su Chromebook, an tsara yawancin aikinsu ne a kan intanet. Ɗalibin da zai yi aiki a Bagega ko Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas ya kamata ya tabbatar na'urarsa za ta yi masa rubutu da saurare ko da babu layi.

7.0 Kurakuran Masu Saye

Kuskure na farko shi ne ruɗuwa da suna. Mutane na ɗauka kowane i7 ya fi kowane i5. Ba haka ba ne. Core i7-7500U na 2016 ƙwaya biyu gare shi, i5-8250U kuwa huɗu, kuma duk wat 15 ne. A aikin da ke amfani da ƙwayoyi duka, na biyun ne a gaba. Saboda haka a dubi lambar farko bayan karan ɗori, ko biyun farko daga zubi na goma zuwa sama, su ke nuna zubi.

Na biyu, a ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa. Wanda ya sayi zubi na shida ko na bakwai ya san da wannan.

Na uku, sau da yawa nawar da ake ɗora wa masarrafi laifin ƙarancin ram ne ko tsohuwar ma'ajiya mai juyawa. Ram mai gigabayit 8 da ma'ajiya irin ta SSD sukan canja kwamfuta ƙwarai. A sirara da yawa kuwa an manne ram ɗin, ba a iya ƙarawa, don haka a tambaya kafin a biya.

Na huɗu, batirin kwamfuta 'yar kwatano ya riga ya sha jiki. Masarrafi komai tsimin wutarsa ba zai amfana wa mai mataccen batir ba. A cire caja a gaban mai kaya, a ga yadda take sauka.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan nazari mun ga cewa masarrafi mai ƙarancin shan wuta yana kamo babba a gajeren aiki, yana kuma ja da baya a dogo, musamman cikin zafi. Mun kuma ga cewa aikin ɗalibin Hausa galibi mara nauyi ne, amma yana cin awoyi, a wurin da caji ke da wuya. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai haɗa finafinai a Kano yana iya neman mai wat 45. Mu da za mu zauna gindin bishiya a Anka muna sauraren dattijo, mai wat 15 daga zubi na takwas zuwa sama, da ram mai gigabayit 8, da lafiyayyen batir, shi ya fi dacewa da mu. Muna fata 'yan'uwa ɗalibai za su duba kalmomin da muka kawo, wato masarrafi da ƙwaya da zubi, su gyara mana inda muka kauce.