Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Garuruwan Kuza

Wani mai sauraronmu daga Gumbin Kure, jihar Kebbi, yana tambaya: ina ake samun tarihin garuruwan haƙar ma'adinai?

To Malam, akasarinsa yana bakin tsofaffi. Ka ga Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a Kano, tun kafin zuwan Turawa ake narka kuza a can, a zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su saya. Daga 1942 zuwa 1944 kuma, Turawa sun kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Jos da Bukuru, sanyi da yunwa suka kashe da yawa.

Idan kakanka ya yi aikin kuza, ɗauki wayarka ka naɗi muryar duk wanda ya ji daga bakinsa, tun yana raye.