Ranar da Aka Kulle Masaƙa

Ɗana, daren da ka zo gaishe ni bayan isha'i ka zauna kana ta jujjuya waya a hannu, na san da magana a bakinka. Ka ce shekara huɗu ka yi kana karatun kimiyyar siyasa, ka gama bautar ƙasa, ga ka yanzu a shagon wani Alhaji a Kantin Kwari kana ƙirga dila kana yanka rasit. Aikin ba ya yi maka daɗi, kuma ba ka so abokan karatunka su gan ka da almakashi a hannu. Ban tanka maka a daren ba, don tsoho in ya yi saurin buɗe baki sai a ce faɗa yake. Yanzu ka saurara.

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina akawun sito a wata masaƙa a Kakuri. Ku ba ku riski Kadunar wancan lokacin ba. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙa ta farko a garin, wasu suka biyo baya, har ta kai in an tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekunan ma'aikata. Mun ɗauka mun shiga inuwar da ba ta gushewa. Sai wuta ta zama sai an ga dama, man da ake kunna injina ya yi tsada, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Kafin ƙarshen 2007 manyan masaƙun duk sun yi shiru. Tamu ma wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Mu uku muke cin abincin rana tare a gindin wata darbejiya. Ɗaya shugaban sashe ne, mai tebur da fanka, ba a kiransa sai da "Oga". Ɗaya makanikin injin saƙa ne, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Sai ni da katon littafina mai jan bango da fensir a bayan kunne. Da aka sallame mu, Oga ya zauna jiran giratuti da kujera irin wadda ya rasa, ya daɗe yana jira, Allah ya jiƙansa. Makaniki kuwa ko wata biyu bai yi a gida ba. Ya ce wanda ya iya sauraron kukan inji ya gane inda yake ciwo ba ya rasa marar lafiya. Ya koma gyaran janareta da injin niƙa, har ya yaye yara.

Ni na zaci nawa ya ƙare, don ban iya komai ba sai rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage. Ashe wannan ɗin ne dukiyar. Wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya ɗauke ni. Buhun gero ya maye gurbin bandir ɗin yadi, amma lissafin bai sauya ko ɗigo ba. A makon farko na gano buhu bakwai da ake rubutawa sau biyu. Tun daga ranar mukullin sito ya dawo aljihuna.

Kada ka ɗauka wannan sabon abu ne. Alhassan Dantata da fataucin goro ya fara, tsakanin Kano da ƙasar da yau ake kira Gana. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya juya can, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Goro da gyaɗa ba su haɗa komai ba. Abin da ya ɗauko daga wancan ya kai wannan shi ne sanin hanya, sanin wanda za a ba kuɗi ya tafi ƙauye ya dawo da kaya, da sunan da in an ambata ake yarda. Ko jiya-jiya, da aka hana acaɓa a Kano a 2013, waɗanda suka san lunguna kuma fasinja ya yarda da su ai A Daidaita Sahu suka hau, suka ci gaba da cefane.

To, batun jin daɗi. Ba zan yaudare ka in ce kuɗi ba komai ba ne; mai iyali ya san ƙarya ce. Amma ka zauna ka tantance abin da ke damunka. In ubangidanka yana sa ka tauye yadi, ko ka rantse a kan ƙarya, ko yana danne maka haƙƙi yana ci maka mutunci a gaban mutane, wannan ciwo ne na gaske, ni da kaina zan taya ka neman wani wuri. In kuwa sunan aikin ne kawai bai yi maka kyau a baki ba, to ka yi haƙuri in faɗa maka: shekarata ta farko a sito na tsane shi kamar me. Daɗin ya zo ne ranar da na rufe lissafin wata ya tashi daidai, ba ragi ba ƙari, na fito ina jin kamar an yi mini bushara. Ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin aikin da bai ƙware a kansa ba. Kuma ko za ka tashi, kada ka saki reshe ka kama ganye. A sami wani tukuna.

Kafin nan, ka buɗe ido a inda kake. Kantin Kwari makaranta ce da ba ta ba da takarda. Ka lura da yadda Alhaji yake kallon mutum ya san ko za a ba shi kaya bashi. Masu sari suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ka koyi ƙirga da Faransanci, ka san canjin sefa ba sai ka tambaya ba. Littafin shagon nan ka mayar da shi cikin kwamfuta, abin da mu ba mu samu ba. Karatunka ma bai faɗi ƙasa ba: wanda ya iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ya karanta yarjejeniya ya gane inda tarko yake, kasuwa tana nemansa ido rufe.

Ran Juma'a in an sauko, ka roƙi Alhaji ya ara maka littafin watan jiya ka zo mini da shi. Ka taho da fensir, ba biro ba, don za mu yi goge-goge.